Aljihun Daman Baba Harisu

Duk yaron da ya tashi a layinsu a unguwar Williamsville ta birnin Abidjan ya san aljihun daman Baba Harisu tun kafin ya san sunan mai aljihun. Dabino ne a ciki, rani da damina. Ba a roƙo, ba a cewa don Allah. Yaro zai zo a guje ya cusa hannu har wuyan hannu ya damƙo rabonsa, Baba Harisu kuwa ya ci gaba da hira kamar ba jikinsa ake taɓawa ba. In ya so wasa sai ya yi tsawar ƙarya, ya ce ɓarayi sun karya masa jari. Har 'ya'yan Julawa da na Bawule, da ba su jin Hausa ko "zo in kashe ka", sun san wannan ƙofa a buɗe take.

Mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar. Ya sauko Abidjan yana saurayi a bayan motar albasa, da niyyar cin rani ɗaya ya koma, sai ga shi furfura ta cim masa a Adjamé, unguwar kasuwanni da tashoshin mota. Da tire ya fara tallan dabino a bakin tasha, ya zo ya kafa tebur, daga bisani ya sami ɗan shago a kasuwar Bromakoté, inda kwalayen dabinon Aljeriya mai laushi suke jingine da buhunan busasshe na Agadas. Bai yi kuɗi ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. Gidan haya suke, irin mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida, shi da matarsa Zalihatu, ɗakin da ke kallonsu kuma na 'yarsu Sa'adiyya ne da mijinta.

'Yar Sa'adiyya, Radiyya, ita ce sarauniyar aljihun. Ba ta shiga makaranta sosai ba tukuna, amma Faransanci a bakinta ya fi na kakan sau goma. Ya yi mata Hausa ta mayar masa da Faransanci. Yana ce mata amarya, tana ce masa Papi, wato kaka da Faransanci, kullum suna faɗan wasa a kan ta ƙi dafa masa tuwo. In ya dawo daga kasuwa ba ta gaishe shi sai hannunta ya fito daga aljihu.

Mutumin nan ya ga rikicin da aka yi a garin, lokacin da harsashi ke ratsa kwanon ɗaki, bai gudu ba. Abin da ya karya masa zuciya ƙarami ne a kan wancan. Wata azahar, rana tsaka a sama, yana tsallaka bayan tasha sai ya ga mutane na watsewa, mata na zubar da kayan talla. Mikrob ne, yaran nan da ke fitowa gungu da adduna su share layi guda kafin a ce kwabo. Suka rutsa shi a jikin bango. Ɗaya ya fizge waya, ɗaya ya sare shi a hannun hagu don kawai ya ɗaga shi. Na ukun, wanda ko gemu bai fara ba, ya zura hannu a aljihun dama, ya fito da dabino, ya duba, ya yi dariya, ya watsa masa a fuska.

Ciwon ya warke, hannun ne dai bai koma da ƙarfinsa ba. Tsoron kuwa ya samu wurin zama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yara uku su taho tare daga makaranta, sai ya raɓe a jikin bango. A ja ƙofar ƙarfe a shagon maƙwabci, sai ya zabura. Kowa ya gan shi ya ce masa "yako, Baba", wato sannu, shi kuwa sannun nan ba ta hana shi waiwaye.

A unguwar Treichville, can ƙetaren ruwa, yana da aboki, Ja'afaru, Bakano mai shigo da shadda ta tashar jiragen ruwa, mutum mai bakin da zai iya sayar wa kifi ruwa. Ya dubi tabon hannun, ya girgiza kai, ya tura ƙofar shagon, ya jawo wani abu daga ƙarƙashin bandiran shadda.

"Alhaji, riƙe ka ji. Rigakafi ya fi magani."

Ƙaramar bindiga ce, baƙa, ba ta wuce tafin hannu ba. Baba Harisu ya ji ta fi yadda ido ya nuna nauyi.

"Ni hwa ban taɓa harba ko ta tsuntsu ba, Ja'afaru."

"Wa ya ce sai ka harba? Ganinta kawai ya ishe su. In kuma ta kama, wannan ba ta taɓa ƙin tashi ba. Ka sa ta a riga, ko matarka ba za ta sani ba. Abu ɗaya take so, tsabta. Ka riƙa fito da ita kana gogewa."

"Takarda hwa? In jandarma sunka kama ni?"

"Wane jandarma ne zai laluba dattijo mai carbi?"

Ya karɓa. Da ma ya san bai kamata ba, amma mai tsoro ko igiya aka miƙa masa a rijiya ba ya tambayar wa ya tufka.

Tun a hanyar komawa ya gane ashe ɗaukar bindiga wata sana'a ce. Ya soke ta a ƙugu, da ya yi ruku'u a sallar magariba sai ya ji ta zame tana neman bin ƙafar wando. Ya gwada aljihun hagu, hannun da aka sara ba ya iya cafko ta da sauri, kuma ina amfanin makamin da sai ka roƙi ɓarawo ya jira? Tela zai iya ɗinka masa aljihun ciki, to amma gaya wa tela magana daidai yake da gaya wa Adjamé. Wuri ɗaya ya rage. Ya kwashe dabinon ya mayar hagu, ya sa bindigar a dama.

Wai shi a nan ya yi dabara. Ya manta hannun yara ba ya karanta sanarwa. Washegari da safe ɗan maƙwabta ya taho a guje, Baba Harisu ya damƙe masa hannu a bakin aljihu da ƙarfin da ya sa yaron kuka. Daga ranar ya koyi tafiya da hannu dafe da cinya. In ya hango yara sai ya sauya hanya. In sun cim masa sai ya miƙa musu da hannun hagu, daga nesa, abin da a da zai tsawata wa wani a kansa. A masallaci ya bar sahun gaba da ya saba, ya koma ƙarshen sahu inda damarsa ke jikin bango. A gbaka, motar haya da ake cusa mutane kamar buhuna, gumi yake yi tun daga tasha har gida, kada wani ya jingina ya ji ƙarfe, kada a tsayar da su a shinge. A da mikrob kaɗai yake tsoro. Yanzu ya ƙara da 'yan sanda, da maƙwabta, da limamin unguwa, da jikarsa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Radiyya ce ta fi shan wahala. Ta zo ya kauce, ta zagayo ya juya. Ta ɗauka sabon wasa ne, har ranar da ya daka mata tsawa ta gaske. Zalihatu tana tsinke ganyen miya ta ɗago kai.

"Malam, mi yarinyar ga ta yi maka? Ko amaryar ce ka saka ba mu da labari?"

"Ta girma. Ba kyau ɗiya mace tana laluben aljihun mutane."

"Yau kuma? To Allah shi kyauta."

Ta bi aljihun da kallo, shi kuma ya shige ɗaki.

Akwai hannun da bai iya hanawa ba, nasa. Hannun da ya shekara aru-aru yana jefa dabino a dama ba ya dainawa a wata guda. Yana cikin awo a shago, in ya tsinci mai laushi wanda ya fashe ba zai sayu ba, sai kawai ya ji ya jefa a inda ya saba. Sabo turken wawa. Wani lokaci ya tuna ya cire, wani lokaci ya manta, zafin Abidjan da gumi su yi aikinsu. Gogewar da Ja'afaru ya ce a yi kuwa ko sau ɗaya bai yi ba, don ko kallon abin ba ya so. In zai sauya riga sai ya juya wa ƙofa baya, ya ciro ta da yatsa biyu ya jefa a sabuwar. Yakan ji tana danƙo, ya shafe yatsun a jikin wando.

Ranar wata Juma'a ce, ana shirin masallaci. Tsakar gida cike da mata, wata na wanki, Sa'adiyya na soya kifi. Ya saka babbar riga, sai ya tuna bai yi alwala ba, ga famfon yana fesa ruwa ko'ina. Ya cire rigar ya rataya a ƙyauren ɗaki. Nan da nan ne, in ji shi, ga shi ga ta. Ya tsuguna ya ba ta baya.

Yana shafar kai ya ji muryarta.

"Papi, ka sayo mini? Mersi!"

Ya waiwaya. Radiyya na tsaye a bakin ƙofa, bindigar a hannayenta biyu, fuskarta cike da murna. Ta daɗe tana jiran ranar da za ta sami rigar ba mai ita. Ta san irin wannan abin, ana sayar da su a Adjamé lokacin sabuwar shekara, na roba masu fesa ruwa. Ta kuma san yadda yara ke yi da su in ƙishirwa ta kama su. Ta juyo bakin bindigar, ta buɗe nata bakin, ta ɗora manyan yatsunta biyu a kan kunamar.

Ya so ya yi magana, Faransancin da ya tara a kasuwa duk ya gudu. Hausar ma ta bi shi. Tsakaninsu taku kaɗan ne, amma ƙafafunsa sun zama na wani. Yana gani da idonsa ta matsa. Ta ƙara matsawa har ta runtse ido don ƙoƙari. Kunamar ta ɗan motsa, ta cije.

Bai san yadda ya isa gare ta ba. Ya fizge bindigar, da ɗaya hannun kuma ya kwaɗa mata mari, marin da ya zaunar da ita a ƙasa. Tun da aka haife ta bai taɓa ɗaga mata yatsa ba. Gidan ya yi tsit, sai kifi da ke ƙonewa a mai. Sa'adiyya ta dubi abin da ke hannun ubanta, ta dubi 'yarta, ta sunkuce ta ta shige ɗaki ta sa sakata. Zalihatu ba ta yi kuka ba. Ta matso kusa ta ce a hankali, "A aljihun yara, Malam?"

Ranar bai sami Juma'a ba. Ya tafi Treichville. Ja'afaru ya rufe shago, ya kwance bindigar da ƙyar. Cikinta duk danƙon dabino ne ya daskare da tsatsa, har da matattun kiyashi.

"Haba Alhaji, ai ba laifinta ba ne. Bindiga ka ba dabino ta sha? Na ce maka tsabta take so. Bar ta nan in wanke, gobe ka zo, wallahi ko jariri ya taɓa sai ta tashi."

Baba Harisu ya tattara guntayen a tsumma ya fita ba sallama. Ya shiga jirgin ruwan fasinja da ke tsallaka lagun, babban tafkin da ya ratsa garin, ya zauna a gefe. Da suka kai tsakiya, inda ruwan ya yi baƙi, ya saki tsumman ta jikin jirgi. Ba wanda ya kula.

Har yanzu yana nan Bromakoté yana awon dabino, har yanzu in ya bi ta bayan tasha yakan waiwaya. Tsoron mikrob bai bar shi ba, ya dai koyi tafiya da shi. Ya koma sahun gaba. Dabino ya koma aljihun dama, yaran layi kuwa ba su da riƙo, kwana kaɗan suka dawo da wawasonsu.

Ban da Radiyya. Sa'adiyya ta huce, ta ci gaba da kawo masa abinci, yarinyar ma tana gaishe shi da ladabi, har da rusunawa. Kullum in ya dawo sai ya tsaya a tsakar gida ya karkata mata aljihun, ya buɗe shi da yatsa don ta ga ba komai ciki sai dabino.

"Amarya, taho ki ɗiba."

Sai ta mayar da hannayenta baya, ta ce, "Mersi Papi, na ƙoshi."

Mafi laushin cikin kwali yake zaɓar mata, ya ajiye a ƙasan aljihun inda sauran yara ba su kaiwa. In dare ya yi Zalihatu ce ke cirewa kafin ya ɓata rigar.