Kunnuwan Mang Teryo Mai Aski

Mang Teryo ya yi kusan duk rayuwarsa yana aski a wani ɗan shago kusa da kasuwar Malabon, a gefen birnin Manila. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai Allah ya yi shi da kunnuwa kamar faifai da doguwar haɓa, ga giɓi a gaba.

Ƙanin matarsa, Ponso, a gidansu yake zaune. Zane yake yi wa wata mujallar komiks, wato ta labarai cikin zane, da ke fitowa duk mako daga Manila, mai tarin labarai a ciki, wani na halittun wata duniya, wani na kisan da ba a san wanda ya yi ba.

Wata rana wani direba ya zauna a kujerar aski da mujallar a hannu. Ya dubi shafi, ya dubi madubi, sai ya fashe da dariya.

"Mang Teryo, ashe kai ne sarkin mutanen sama? Ga ka nan da ƙaho, za ka cinye Manila!"

Teryo ya karɓa ya duba. Shi ne, har giɓin. Ya rufe shago da rana tsaka, ya tarar da Ponso a gida yana cin shinkafa da busasshen kifi.

"Kai Ponso! Tukunyarmu ɗaya, amma ka mai da ni dodo?"

"Haba Kuya, yayana, to wa zan zana? Kai ne kullum a gabana. Kuma fuska irin taka ba a ko'ina ake samu ba."

"Yabo ne wannan ko zagi?"

Matarsa, Aling Loleng, ta leƙo ta ga hoton, ta ce, "Ai gyara ka ya yi, har gashi ya ƙara maka."

Fushin bai kai ko'ina ba. Ponso ya ci gaba, har ya shiga ba mai kisa fuskar Teryo a labaran bincike. Nan da nan masu karatu suka gano: da wani mai manyan kunnuwa ya bayyana, an san wanda ya yi aika-aikar. Mai mujallar ya ja wa Ponso kunne cewa yana tona asirin labari tun daga farko. Sai Ponso ya mai da mijin yayar tasa wanda ake kashewa.

Wannan ya fi ɓata wa Teryo rai. "A shafin farko ka kashe ni? Ko magana ban yi ba!"

A ƙarshe Ponso ya mai da shi ɗan sandan ciki mai malafa, ya yi shekaru yana kama miyagu. Masu jiran aski su riƙa muhawara a kan wa zai cafke mako mai zuwa, su tambaye shi. Shi kuwa sai ya wasa aska ya ce, "Aiki na hannun hukuma, ba na magana."

Da talabijin ta cika gari, mujallar ta daina fitowa, Ponso ya koma fentin motocin haya, ya kama gidansa. Teryo ya ci gaba da aski har hannunsa ya fara rawa, sannan ya bar wa ɗansa shagon. Yanzu tattabaru yake kiwo a saman rufi. Ranar Lahadi, in an dawo daga coci, Ponso kan zo su ci abinci tare, su yi ta gardamar wanda ya fi wani tsufa.