Gansakukar Kaka

Shekaranjiya ɗiyata ta kifar da randa tana wankewa, sai ƙarnin gansakukar da take kankarewa ya bugi hancina. Ta yatsine fuska ta ce ƙazanta ce. Amma a Madarumfa inda na tashi na san tsohuwar da wannan koren abu ya ciyar shekara da shekaru.

Kakata ce, wadda ta haifi babanmu. Mijinta masunci ne, kuma gadon da ya bar mata bai wuce wasu kututturan giyayya da ya nutsar a bakin tabki ba, dab da mashigin da matan unguwarmu ke ɗibar ruwa. Idan damina ta wuce, ruwa ya kwanta har rana na ratsa shi, sai gansakuka ta lulluɓe kututturan nan, ga laushi ga santsi. Kaka ba ta haɗa ta da koren da ke yawo a saman ruwa da bazara. Wancan, in ji ta, baƙo ne mai wari, mai maƙalewa kuwa ƴar gida ce.

In ka tsuguna ka yi shiru za ka ga abin da take nufi. Katantanwa na jan ciki tana lasa, ƙananan ƙwari na kai da komo, ƴaƴan karfasa sun jeru suna tsinka kamar awaki a gindin gawo. Tarwaɗa na biyo su ta ƙasa, zalɓe na tsaye gefe yana jiran rabonsa. Kaka ce ta ƙarshe a layi. Da hantsi takan ɗaga gura, wato kwandon kama kifi da ta kafa tsakanin kututturan, ta ware na miya, ta yi bandar sauran.

Da wannan take riƙe da murhunta. Babanmu ya sha roƙonta ta huta a riƙa kai mata tuwo daga tukunyar mahaifiyata, ta ce muddin ƙafarta na kai ta tabki hayaƙin ɗakinta ba zai mutu ba. Ba wai suna ƴar tsama da surukarta ba ne. Tsohuwa ce mai son hannunta ya zama na sama. Ni da ke kwana a ɗakinta na fi kowa cin ribar wannan taurin kai, don kullum tuwo biyu nake ci.

Wata shekara bayan girbi, mahaifiyata da tsohon ciki ta taka ɗaya daga cikin kututturan da tulu a kanta. Santsi ya kwashe ta. Aka ɗora ta a amalanke zuwa likita. Ita ta tashi, amma cikin bai tsaya ba. Namiji ne.

Babanmu bai ɗaga murya ba. Da ta samu sauƙi sai ya aro shanu da igiya ya nufi tabki. Kaka ta bi shi, ta tsaya a kan tudu.

"Inna, ki yi haƙuri," ya ce. "Ba ni iya kallon iccen ga."

"Hidda su," ta ce. "Abin da ya cishe ni shi ya kada ta. Mi zan ce?"

Kututturan suka kwanta a rana, koren ya koma toka-toka ya ɓare, daga baya aka faskara su aka yi girki. Mashigi ya yi fes, yashi tsantsa, ko makaho ba zai zame ba. Katantanwa ce ta fara ɓacewa, sai karfasa, sannan zalɓe ya sauya wurin tsayuwa. Kaka ta ci gaba da kafa gurarta, tana ɗagowa ba komai sai ruwa. Na ji tausayinta, amma ban taɓa ganin laifin babanmu ba, har yau kuwa.

Wata rana da yamma aka aike ni wurin Kaka da akushin tuwo kamar yadda aka saba, ina jiran ta mayar da ni. Ta karɓa, ta ci, ta yaba miya. Washegari ta tono duwatsun murhunta guda uku, muka kai su tabki. Ta kutsa cikin ruwa har ƙugu, nesa da inda ƙafa ke bi, ta sake su ɗaya bayan ɗaya.

"Sun saba da cida mutum," ta ce. "Su tai su cida wani abu."

Bara na je gida. An kafa famfo a unguwa, ba mai zuwa mashigin nan da tulu, sai ƙarar injin ban ruwa daga lambuna. Na nemi wurin duwatsun ban gane ba, ko da yake na hango zalɓe tsaye can cikin ruwa. Ban ce don su ya tsaya ba.

Ɗiyata dai ta wanke randarta tas. Da ta ɗauki ruwan wankin za ta watsa a tsakar gida, na ce ta kai shi bayan ɗaki, nesa da inda ƙafa ke bi.