Inda Na Karɓi Gaisuwar Baba

Har gobe ban manta da ranar da aka buɗe mana lambun Alhaji ba. Lokacin ina gadi a wani gidan gona na Larabawa, can gaba da birnin Lusail. Sunan gona kawai yake ɗauke da shi, wurin hutu ne: dabino a jere, ciyawa shar, ga wata 'yar hasumiya ta dutsen teku a tsakiya. Kakan masu gidan ne ya gina ta don tunawa da mutanensa da suka tafi nutso neman lu'ulu'u, teku ta riƙe su. Ko mai ban ruwa ba ya matsawa kusa da ita sai da izini.

Dokar aikinmu ba ta da wuyar ganewa. Wanda ofis bai turo sunansa ba, ba ya wuce ƙofa, kuma ba a taruwa a bakinta. In mai gadi ya karya, sufabaiza ya sanar da kamfani, kamfani ya sallame shi, sai gida.

Ana tsakiyar zafi aka bugo mini daga Gumel cewa Baba ya rasu. Kafin hawayena su bushe an kai shi makwancinsa. Na nemi hutu, sufabaiza ya ce babu mai canjina sai mako mai zuwa.

To, kun san mutanenmu. Ba wanda ya kira su, amma bayan la'asar sai ga direbobi daga Mesaimeer, ga Dakta Sani daga Ain Khaled, kowa ya zo gaisuwa. Suka shimfiɗa kwalaye a bakin ƙofa suka zauna, gumi na zuba. Ba ni da bakin korar mai ta'aziyya, in na bar su kuma aikina ya tafi, ga ƙanne yanzu sun dawo wuyana. Tsoro ya kama ni. Sufabaiza ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya ciro waya zai kira kamfani.

Sai ga motar dattijon gidan, wanda muke kira Alhaji. Ya sauke gilashi ya tambayi taron mene ne, na yi masa bayani da guntun Larabcina. Ya ce ko na samu jana'iza? Na ce a'a. Sai ya ce wa sufabaiza ya mayar da wayarsa aljihu, waɗannan baƙinsa ne.

Aka shimfiɗa darduma a inuwar hasumiyar, aka kawo gahawa da dabino. Alhaji ya zauna a ƙasa tare da mu aka yi addu'a. Da zai tashi ya dafa dutsen ya ce, "Ɗana, mu ma ba mu ga kabarin namu ba. Don irin wannan zaman aka gina ta."

Har aka share makoki ƙofar a buɗe take ga mutanena. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.

Ku sababbin zuwa, ku riƙe doka, ita ce abincinmu. Amma ranar na gane cewa a bayan ƙofar da muke tsarewa akwai mutanen da su ma sun san rashi. Sai da shekara ta zagayo na ga kabarin Baba, amma duk wanda ya tambaye ni inda na yi masa makoki, ina da wurin da zan nuna.