Tsintsiyar Malam Tarno

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Sutarno makwancinsa a wata maƙabartar Musulmi da ke kudu da Woodbridge, a jihar Virginia. Malam Tarno muke kiransa. Mutumin tsibirin Jawa ne a ƙasar Indunusiya, kuma kamfani ɗaya muke aiki, ni injiniyan hanya, shi mai awon ƙasa. Shekara shida muna shiga mota ɗaya kowace safiya, muna bin babbar hanyar 95 zuwa Washington. Duk wanda ya san gosulon hanyar nan ya san shekara shida a cikinsa ta isa ka san abokin tafiyarka ciki da bai.

Ni ne mai surutu. Shi bakinsa ba ya buɗewa sai an taɓo ƙauyensu, to in an taɓo kuwa sai mun iso ofis. Ƙaramin ƙauye ne a bakin teku, gonakin shinkafa a bayansa, tafkunan kiwon kifi a gabansa. Da rani mahaifinsa kan janyo ruwan teku cikin fadama, rana ta shanye shi, a kwashe gishiri. Mahaifiyarsa kuma tana shanya ƙananan kifaye a kan tabarmar gora, tana korar kaji da kara. A masallacinsu akwai wata ƙatuwar ganga da ake bugawa kafin kiran salla. Nakan tsokane shi in ce, "Malam Tarno, ƙauyen nan naku ko a taswira babu shi." Sai ya ce ai laifin mai taswirar ne.

Wata safiya mun tsaya cak a kan gada, ya daɗe yana kallon ruwa. Sai ya ce, "Mas Habu, in na riga ka, a kai ni gida a binne ni kusa da mahaifiyata." Mas a wurinsu kamar a ce ɗan'uwa ne. Na ce, "Kai, rufa mana asiri! Da wannan gosulon ai ni zan riga ka." Muka yi dariya, motoci suka motsa. Amma na ji shi sarai, kuma a ƙasar nan ni kaɗai ya faɗa wa.

Ranar wata Alhamis zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki. Ba shi da mata, ba shi da ɗa a ƙasar nan. Mu da muke salla sahu ɗaya da shi muka tashi tsaye, kuma kun san mu da gawa, ba ma son ta jira kowa. Wani likita dattijonmu ya bi takardu, 'yan'uwanmu mutanen Kumasi suka yi masa wanka, bayan sallar Juma'a har an rufe shi. Kowa na cewa ma sha Allah, baƙo ya samu gata. Ina tsaye a wurin, maganarsa tana bakina. Na gaya wa kaina ai gaggauta sutura shi ne daidai, kuma haka ne. Amma gaskiyar ita ce kunya na ji in tashi a gaban manya in ce a dakata. Na yi shiru, kuma wannan shirun ya daɗe yana cina.

Sai da muka dawo daga maƙabarta na samo lambar yayarsa, Sumi. 'Yarta Wati, malamar makaranta, ita ta yi mana tafinta. Na ce mata an riga an binne shi. Tsohuwar ta yi tambaya ɗaya: wa zai share masa kabari kafin azumi? Na ce ni, ban ma san me nake ɗauka ba. Wati ta yi mini bayani cewa a wurinsu in azumi ya gabato, kowane gida kan je kabarin nasu, a cire ciyawa, a share, a yayyafa ruwa, a zuba furanni, a yi addu'a.

Ku dubi Bakano da furanni a hannu! Shekarar farko a cikin ledar kanti na ɓoye su, ina waige-waige kada in haɗu da wanda ya san ni. Matata ta yi ta yi mini dariya, wai ko ita ban taɓa saya wa fure ba. Na ci gaba da zuwa dai, amma raina bai kwanta ba. A tunanina Sumi ba ta san ƙanenta ya bar wasiyya ba, ni kuwa na sani.

A shekara ta shida na yanki tikiti na tafi in gaya mata da bakina. Abin da na tarar ba ƙauyen da aka ba ni labari a mota ba ne. Teku ta shigo. Inda gonakin shinkafa suke ruwa ne shimfiɗe, bishiyoyin kwakwa sun bushe a tsaye ba kai. An yi ta cike daɓen ɗakuna da ƙasa don gudun ruwa, har sai da na sunkuya sosai kafin na shiga gidan Sumi. Ganga dai tana nan, an ɗaga ta an rataye. Aka kawo mini shinkafa da busasshen kifi da shayi mai zaƙin tsiya, na kasa cin na kirki saboda abin da ke raina.

Washegari da ruwa ya ja baya, Sumi ta sa aka ɗauke mu a kwale-kwale. Muka tsaya a wani wuri da kawunan duwatsu suka ɗan leƙo saman ruwa. Wati ta ce nan ce maƙabarta. Tsohuwar ta nuna wani dutse da ruwa ke lasa, ta ce ga mahaifiyarsu. Ta buɗe ƙunshin ganyen ayaba ta watsa furanni, suka bi ruwa suka tafi.

A nan cikin kwale-kwalen na faɗa mata komai. Na ce ya roƙe ni, na ji, na yi shiru, ta yafe mini. Sumi ta amsa mini, Wati na fassarawa. Ta ce ai ta sani, tun kafin ya tafi ya sha gaya mata. Ta ce shekara uku tana jin haushinmu. Sannan ta tambaye ni, "Inda kuka sa shi, ruwa na kaiwa?" Na ce a'a, tudu ne, busasshiyar ƙasa. Ta ce, "To duk gidanmu shi kaɗai ke da kabarin da za a iya sharewa."

Ranar da zan taho ta ba ni tsintsiyar tsinken kwakwa da ta ɗaure da hannunta. Ta ce ita ba ta da sauran abin sharewa da ita.

Nakan tambayi kaina me Malam Tarno zai ce da zai ga yau. An faɗaɗa hanyar 95, gosulo kuma yana nan daram, wannan zai ba shi dariya. Ƙauyen ne ban san yadda zan gaya masa ba. Wati ta rubuto mini bara cewa sun koma tudu, Sumi kuma ta rasu. Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne ƙauyen da ya zuba mini a kunne, wanda a kaina har gobe shinkafarsa kore ce shar, gishiri na bushewa a rana. Ina kewarsa ƙwarai, musamman in na hau gadar nan ni kaɗai.

Azumi saura mako biyu. Tsintsiyar ta cinye, ta koma rabi, amma tana shara. Ranar Asabar zan je, kuma bana 'yata ta ce za ta raka ni don ta gane wurin. Furannin ma na daina sa su a leda. Allah Ya jiƙan Malam Tarno, Ya jiƙan Sumi da mahaifiyarsu da ke kwance a ƙarƙashin ruwa.