Gurasar Inna ba ta mai ciwon ciki ba ce

Shekara tara ke nan da rasuwar surukata, Inna Zahara, kuma a makon nan ɗanta, mijina, ya yi mata ƙarya a gaban jikokinta. Na sauya sunaye a rubutun nan, amma ban rage komai ba.

Inna musulma ce, salla ba ta wuce ta. Mahaifiyarta kuwa Bayahudiya ce daga duwatsun arewa, ta auri wani falke na nan yankin Fezzan. Da danginta suka bar ƙasar, ita ta zauna saboda 'yarta. Ni baƙuwa ce daga Damagaram, ko harafi ban iya ba a lokacin, amma ni Inna ta zaɓa ta gaya wa wannan sirri, muna tsince shinkafa a gidanmu na unguwar Tayuri a garin Sabha.

Duk shekara kafin zafi ya kankama, sai ta share gida kaf, ta hana a shigo da burodin gidan burodi har mako guda. Ta kwaɓa fulawa da ruwa zalla, ba yisti, ta gasa da gaggawa. Gurasar ta fito busasshiya, tana ƙaras-ƙaras. Ta tara yara ta ba su labarin Annabi Musa, yadda mutanensa suka gudu daga Fir'auna ƙullunsu bai tashi ba. Haka uwarta take yi, in ji ta. Amma ba ta taɓa gaya musu wace ce uwar ba. Da ciwon ajali ya kama ta, ta riƙe hannun ɗanta ta ce, “In sun yi hankali ka gaya musu daga inda na fito. Ka gaya musu sunan uwata.” Ya ce ya ɗauki alkawari. Ina wurin.

Daga nan sai “gobe”. Yana jan taksi tsakanin Sabha da Samnu, ya fita yara na barci. In ya dawo, wuta ta ɗauke, ko layin mai ya cinye masa yini. Ni ina wanki a gidajen mutane, da la'asar in tafi ajin manya. Duk sa'ad da na tuna masa sai ya ce, “Bari su ƙara girma.” Na yarda da shi, don alkawarin nasa ne, uwar tasa ce. Yanzu Salma, babbarmu, tana jami'a.

Ran Juma'a muna cin abincin rana, Salma ta ce tana kewar gurasar Kaka marar yisti. Autarmu Nana, wadda ba ta riski Inna ba, ta ce, “Baba, me ya sa ba ta sa yisti?”

Bai ko ɗaga kai daga kwano ba. “Ciwon ciki gare ta. Likita ya hana ta.”

Na ce, “Baban Salma, wane likita? Matar da ke cinye kwanon barkono ta nemi ƙari?”

Ya ce, “Ke, garin nan kike so ki koya mini? Yaro bakinsa ba ƙofa. Gobe a ji a makaranta, jibi a tasha.”

Tsoronsa gaskiya ne, ni ma a Sabha nake kwana. Da ya ce wa Nana “ba yanzu ba”, da na haɗiye. Amma ya ɗauki abu ɗaya da tsohuwar nan ta tsira da shi daga uwarta, ya mai da shi cuta. Ashe ba lokaci ya rasa ba duk shekarun nan. Jira yake waɗanda suka sani su ƙare.

Da Inna za ta leƙo yau, ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Za ta ga jikoki masu salla da karatu, ta yi murna. Sai ta tambayi Nana sunan kakar babanta, yarinya ta tsaya tana kallonta. Wannan ne ba zan iya jurewa ba.

Washegari da safe na riga shi ɗaukar makullin mota, na zauna a kansa. Na shimfiɗa tabarma, na kira yaran duka. Na ce masa, “Ko ka faɗa, ko in faɗa. Ba mai fita.”

Ya tsaya bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ba shi lokaci. Bai hana ni ba.

Na jawo Nana jikina na ce, “Wannan magana ta cikin gida ce. Kakar babanku Bayahudiya ce. Sunanta Mas'uda. Maimaita in ji.”