Maratayin Kulkin Dikko Baduku

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na sha faɗa wa mutane haka, amma da aka bugo mini waya ranar Laraba, 3 ga Satumba, aka ce ruwan Rima ya ci Malam Dikko Baduku a hanyarsa ta zuwa Augie, sai bakina ya kasa. Ina zaune a ƙofar gidana a unguwar Badariya na ce wa mai wayar ya sake dubawa, ƙila wani Dikkon ne. Har yau zuciyata ba ta gama yarda ba.

Dikko, kowa a Argungu ya san rumfarka. Masu gadi, 'yan sintiri, manoman albasa da ke sammakon fadama, har mata 'yan kasuwa, duk wurinka suke kawo kulki, gajeren sandan nan na kare kai, ka sa masa maratayi. Wanda ba shi da hali ka yi masa kyauta, ka bi shi da faɗa don ya ƙi shafa wa fatar mai.

Tun muna samari muke musu da kai a kan maratayin nan. Ni ɗan zarge ne, igiyar da ke shaƙe wuyan hannu, don ban ga amfanin makamin da za a fizge maka ba. Kai kuwa saƙar fata mai faɗi kake yi, wadda ake maƙalawa a babban yatsa ta bi ta bayan hannu. Mutum na buɗe tafinsa, ta zame. Da samari suka shigo da yayin igiyar nailan mai launi-launi, ko taɓa ta ba ka yi. Ranar da na kawo maka tawa, ka jefo mini ita, ka kira sunana ka ce, “Hodi, in ƙato yak kama kulkinga, kai da shi za ya ja, awa akuya. Sanda aka ɗaurewa, ba mutum ba.” Na ce tsoro ne kawai irin na dukawa. Ka yi dariya har da tari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ke yawo a gari. An tsamo gawarka kulkinka ya sarƙe a saiwar itace ƙarƙashin ruwa, maratayin ya kama wuyan hannunka tamau. Sai ga masu cewa aikin hannunka ne ya ci ka, wai abin da kake yabo ashe tarko ne. Na ga mutum ya yanke maratayin da ka yi masa ya yar. Maganar ta kai kunnen matarka, Uwa, tana cikin takaba, ta aiko tana tambayata ko gaskiya ne. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai.

Ina cikin waɗanda suka yi maka wanka. Na ga shatin fatar a hannunka na dama, zagaye a kan zagaye. Maratayinka ba ya naɗe kansa haka, sai in mai shi ne ya naɗa. Ban gane dalili ba sai da na je Augie na sami Laure, matar da kuke cikin kwalekwale ɗaya da ya kife. Ta ce kai ka riga ka kama reshe a bakin gaɓa, ka tsira. Ita ruwa ke tafiya da ita, ka miƙa mata kulkin ta cafke. Nauyinta ya fara zare shi daga yatsanka. “Ina kallo yam murɗa hannunai, yan naɗe igiyar,” in ji ta, “yac ce in riƙe, shi ba ya saki.” Masunta suka iso suka ɗauke ta. Kafin su juyo, reshen ya karye.

Na fito daga gidanta na kamo hanyar gida. Duk ƙasar Kabi babu wanda ya fi ka sanin abin da igiya a wuyan hannu ke yi wa mutum a cikin ruwa.

Uwa, ga amsar tambayarki. Aikin mijinki bai yaudare shi ba. Da ya buɗe hannu da yanzu yana rumfarsa, Laure kuma tana kabari. Ya sani sarai, ya naɗa.

Allah Ya jiƙanka, Dikko, Ya karɓe ka cikin shahidai, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Uwa, da 'ya'yanka Abbas da Balaraba, da dukawan Argungu baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya sa mu cika da imani. Amin.