Ƙarfen da ke ƙafar Yaya Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habu, ɗan acaɓa daga Rurum Tsohon Gari. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ni ba mai yawan magana ba ce ko a gida, amma bana na ga ya kamata in rubuta, saboda akwai mutumin da mutuwar nan ta bari da rai, ta tafi da sunansa.

Yaya Habu ya dawo gida ne lokacin da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a Kano. Ya ce an kwashe masa rabin fasinja, gara ya riƙa jigila tsakanin Rurum da Rano. A kan wannan hanya ya faɗi da damina, ƙaurinsa ya karye. A wani asibiti a birni aka sa masa ƙarfe. Ya warke har ya koma kan babur, yana cewa yanzu shi da mashin ɗinsa 'yan uwa ne, dukansu da kusoshi aka haɗa su.

Daga baya wurin ɗinkin ya fara tsattsafo da mugunya. Aka ɗiba aka gwada, aka faɗa masa maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Ya saya a kemis ɗin Sabo, amininsa tun suna yara. Ciwon ya lafa, ya dawo. Ya sake sha, ya sake dawowa. Likita ya ce a cire ƙarfen, ya ƙi. Hujjarsa ba ta wauta ba ce: gwaji ya nuna maganin yana kashe cutar, in kuwa bai kashe ba, to ba shi ne a cikin kwalin ba. A tashar 'yan acaɓa ya faɗa cikin raha cewa Sabo alli yake sayar wa mutane. Aka yi dariya, sannan aka daina zuwa kemis ɗin.

Sabo ya zo har zaurenmu. Ya ce, "Habu, ni zan ba ka jabu?" Yaya ya ce, "Mutumina, ban ce kai ka haɗa ba. Amma ƙafata ba ta ƙarya." Ba su ƙara magana ba. Maganin da aka sayo daga Kano ma bai yi ba, amma a lokacin an riga an yanke cewa na Sabo ne ya ɓata masa jini. Cutar ta shiga jikinsa duka, ya cika. Sabo ya rufe shago, ya koma noma wajen dangin uwarsa a Unguwar Gai.

Yanzu ina karatun ƙwayoyin cuta a jami'a, kuma abin da nake bincike a kai shi ne abin da ya kashe shi. Duk macen da ta taɓa wanke randa ta san santsin nan da ke manne a cikinta. Ƙwayoyin bakteriya ne suka taru, suka lulluɓe kansu da yauƙi. Haka suke yi a jikin ƙarfen da aka sa wa mutum. A ɗakin gwaji kuwa a warwatse ake samunsu, magani ya cim musu ɗaya bayan ɗaya. A cikin yauƙin, maganin kan kashe na sama, na ƙasa su lafe kamar masu barci, har a gama sha su farfaɗo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke yanke shawarar taruwa. A cikin kowace ƙwaya akwai saƙonni da ke cewa a ƙera kaza, a bar kaza. Akwai kuma wasu 'yan guntaye da ake kira ƙananan RNA. Su ba sa ƙera komai. Aikinsu su manne wa saƙo, su toshe shi ko su buɗe shi. Idan ƙwaya ta ji yunwa ko takura, sai su toshe saƙon yawo, su buɗe na zama da yin yauƙi. A wasu nau'o'in, ko ɗan maganin da bai kai ya kashe ba yakan ƙara tunzura su. Maganin Sabo na gaske ne. Hanya ce bai samu ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya Habu zai ce da ya ga yau. Ina jin zai tambaye ni ko mun samo abin da zai hana 'yan guntayen nan aiki, in ce masa tukuna, ana dai gwadawa a ƙasashe masu nisa. Zai dubi samarin da har yanzu suke faɗuwa a hanyar Rurum, ana sa musu ƙarfe, suna shan magani rabi su ajiye, ya ce to me karatun naki ya canza.

A hutun da ya wuce na daure na je Unguwar Gai. Na sami Yaya Sabo yana sussukar dawa, na yi masa bayani ina in'ina. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ƙanwata, ai ni na san abin da na sayar. Ki je ki faɗa wa Inna."

Na koma gida na faɗa wa mahaifiyarmu. Ta ce, "Wato da ya yarda an cire ƙarfen da ya rayu? So kike in ce ɗana ne ya kashe kansa, ya kuma yi wa bawan Allah ƙazafi ya tafi da shi kabari?" Na ce ajali ne, Inna. Ta ce, "To bar shi a ajalin."

Abubuwa da yawa na Yaya Habu sun shuɗe. An sayar da babur ɗin, 'yan tasha sun canza, masu tuna barkwancinsa sun ragu. Abin da ya fi daɗewa cikin duk abin da ya bari shi ne magana guda da ya faɗa cikin ciwo, don har yau a Rurum in magani bai yi ba, sai a ce ko na Sabo ne. Yayana mutumin kirki ne, kuma na san da ya gane da shi zai fara zuwa neman gafara. Ni ce na gane, ni kuwa ba a jin maganata. Na rubuta a nan ne don ya zama an faɗa a wani wuri, ko da yake na san jaridar nan ba ta zuwa garinmu. Allah Ya yafe masa, Ya ba Sabo haƙuri.